Gammo Don Masu Ɗaukar Dutse

A Karofane, zamanin da nake amarya, mace ba ta ɗinki. Namu shi ne mu gurje auduga, mu shiɓe ta, mu kaɗa zare, maza su saƙa, maza su ɗinka. Ni kuwa allura ta shiga raina tun ina ƙarama, domin kawuna, ƙanen mahaifiyata, maɗinki ne a kasuwar Buza. Duk ranar da muka je wurinsa sai in tsince ƙyallayen da suka zuba a ƙasan rumfarsa, in ƙulle a bakin zane. Da za a kai ni ɗakin miji ya ba ni allura ɗaya a soke cikin kara, yana dariya. Shi wasa ya ɗauki abin.

Idan na gama daka da ɗiban ruwa, tsakanin azahar da la'asar, nakan zauna a inuwar rumbu in baje ƙyallayena. In haɗa wannan da wancan, in shimfiɗa auduga a tsakani, in rufe da wani, in bi da ɗinki. Na yi abin sauke tukunya daga murhu, na yi ƴar jakar kwalli, na yi wa jaririn maƙwabciyarmu hula. Ba sayarwa nake ba. Daɗi kawai nake ji in ga shuɗi ya zauna kusa da fari. Uwar mijina, wadda muke kira Inna, takan wuce ta leƙa, ta ce, "Mahaukaci kaɗai ke sa tufa mai launi bakwai." In ta wuce sai in ci gaba.

Ana nan sai Nasara suka shiga yaƙi a can ƙasarsu. Aka tsare hanyar kudu, yadi ya ɓace a kasuwa, allura ma ta zama abin ɓoyo. A kan haka kumandan, Baturen da ke mulkin ƙasarmu, ya aiko a ba da mutane su gyara hanyar kamiyo, manyan motocin kaya, ta wajen Madawa. Aikin shi ne ɗaukar dutse a kwando, a ka, tun safe har rana ta yi sanyi. Da rukunin farko suka dawo na ga kan mijin maƙwabciyarmu. Gashin tsakiya ya tafi, wurin ya zama gyambo, ƙuda na bi. Ya ce gammon ciyawa ba ya kwana biyu, na tsumma kuma zamewa yake, kuma wa ke da tsumman da zai ba dutse a shekarar nan?

Bayan kwana kaɗan mai gari ya yi sallama a ƙofar gidanmu, ya ce har da maigidana a rukuni na biyu, saura kwana shida su tashi. Inna ta shiga ɗaki tana kuka. Ni na ɗauko ƙunshin ƙyallayena.

Abin da na ƙudurta shi ne gammo mai kama da hula, mai kauri a tsakiya, da igiya a haɓa don kada ya zame. Ƙyallayen ba su isa ba. Ina da wani guntun baƙin saƙi na mahaifiyata, shi kaɗai ya rage mini daga kayanta bayan ta rasu. Na daɗe riƙe da shi a cinya, sannan na sa wuƙa na raba shi biyu.

Rana ta biyu, ina tura allura a inda ya fi kauri, sai na ji ƙas. Ta karye a gindin kafa. Na gwada ƙayar aduwa, tana huda amma ba ta jan zare. Na je wurin maƙeri, ya ƙera mini wata, sai ta fito kamar basilla, duk inda ta bi sai ta yage tsohon ƙyalle. Na ce wa maigida ya bar ni in bi mata masu zuwa kasuwar Buza.

"Saboda gammo za ki taka har Buza?" in ji shi.

"Saboda kanka," na ce.

Sai ya bar ni. Muka tashi bayan asuba, muka hau dutse muka gangara fadama, muka isa rana ta take. Na tarar da kawu zaune, ba yadi a gabansa, sai tsofaffin riguna da yake yi wa maho. Muka gaisa, na faɗa masa abin da ya kawo ni.

"Ɗiyata, allura biyu gare ni a duniya," ya ce. "Da su nike ci da gida. Mi kinka yi da wadda na ba ki?"

Na kwance ƙunshi na miƙa masa gammon. Ya juya shi, ya matsa da yatsa, ya ɗaga shi wajen haske. Dariyar da na saba gani a fuskarsa ba ta zo ba.

"Wa ya koya miki wanga?"

"Kallonka na yi, Kawu."

"To ba ki kalla da kyau ba. Dubi layukanki, tsakaninsu ya kai yatsa uku. Zufa na jiƙa shi, auduga za ta dunƙule gefe guda, dutse ya sami kai. Yatsa ɗaya za ki bari, ki fara daga tsakiya kina zagayawa kamar ɗinkin faifai. Kuma ki riƙa goga allura a gashinki, ta fi shiga. Warware shi duka."

Aikin kwana biyu ne ya ce in warware, ga shi saura kwana uku. Na ji hawaye na tahowa, na haɗiye. Nan a rumfarsa na zauna na fara zare zaren a hankali ina naɗe shi a kara, domin ba ni da wani. Ya yi ta kallona har na kai rabi. Sannan ya zaro allura ɗaya daga hularsa ya ajiye a gabana.

"In kin karya wagga, kada ki dawo," ya ce.

Kwana biyun da suka biyo, da gari ya waye nake farawa, ba na ajiyewa sai in ban ƙara ganin zare ba. Ɗan yatsana ya huje, na naɗe shi da guntun fata. Tuwon rana ɗaya ya ƙone, Inna ta yi faɗa, na ba ta haƙuri, na koma inuwar rumbu. Da yammar da za su kwana su tashi na gama. Gammon ya yi tauri, ya yi nauyi a hannu, baƙin saƙin a tsakiya, ja da fari da shuɗi kewaye da shi.

Maigida ya ɗora a ka, ya cire da sauri. "Mutane za su yi mini dariya," ya ce.

"Su yi. In kai ya fara zafi ka tuna yana cikin jaka."

Wata biyu suka yi. Ranar da suka dawo, kafin in ba shi ruwa, kansa na duba. Ya rame, ƙafafunsa sun tsage, amma kai lafiya lau, gashi na nan. Ya ce kwana ɗaya kawai aka yi masa dariya. Na ce ina gammon in wanke. Sai ya sunkuyar da kai.

"Wani dattijo mutumin Ibohamane na bar wa. Su an ƙara musu wata guda, kansa kuwa jini yake yi."

Na san ya yi daidai, amma raina ya ɓaci. Bai san na wa ne baƙin ƙyallen ba, ni ma ban faɗa masa ba sai bayan shekaru. Kwana uku ina kai masa tuwo ba na ɗaga ido. A rana ta huɗu mata biyu suka shigo, kowace da ƙunshin tsummoki, suka ce mazansu na cikin rukuni na uku, kuma maigida ya ba da labari a dandali. Kafin yamma suka zama biyar. Ta biyar ɗin tsohuwa ce, ɗanta ɗaya ne, shi ma yana cikin rukunin, abin da ta kawo kuwa bai cika tafin hannu ba, sai na ƙara mata da abin sauke tukunyata.

Allura ɗaya ce, don haka muka raba aiki. Su suna wanke tsumma, suna shiɓar auduga, suna kaɗa zare mai ƙwari, ni ina ɗinki. Huɗu sun ƙare a kan lokaci. Na ɗan tsohuwar saura zagaye uku lokacin da gardin kumandan, wato dogarinsa, ya iso da hantsi ya ce a tashi.

Na saɓa zane na bi su. Suna tafe a jere, ni ina gefen hanya ina ɗinki ina tuntuɓe. Gardin ya juyo a kan dokinsa ya daka mini tsawa, ya ce in koma gida.

"Ranka ya daɗe, ban hana kowa tafiya ba," na ce. "Hanya ce nike bi."

Ya dube ni, ya dubi abin da ke hannuna, ya kaɗa linzami ya yi gaba. Sai da muka kai bakin fadama, inda gonakin dawa suka ƙare, na ƙulle zagaye na ƙarshe. Na datse zaren da haƙori, na ruga na cim ma saurayin, na ɗora masa a ka, na ɗaure igiyar da kaina. Ya ce, "Allah shi saka, Yaya," ya bi sahu. Na zauna a gindin wata bagaruwa na cire ƙayoyi biyu daga ƙafata, sannan na kama hanyar gida, domin ban ɗebi ruwan ranar ba.