Bututun Baba Nata'ala

Duk direban da ya yi hanyar arewa daga Lome a shekarun saba'in ya san Baba Nata'ala na tsohon Zongo. Ba bakanike ba ne, mai zuba tukwanen dalma ne, yana narkar da tsoffin kwanuka ya zuba a cikin yashi. Amma da yake kayan mota na wuya a lokacin, shi ke zuba mana bututun iska idan namu ya fashe, wato ƙarfen nan mai rassa da ke raba iska da fetur daga kafireto zuwa silindodi. 'Yan bokonmu na ce masa pip.

Mutum ne mai jinkiri, har ya ba ka haushi. Kafin ya taɓa yashi sai ya tambaye ka hanyar da kake bi da irin lodin da kake ɗauka. Mai tasin cikin gari, daga unguwar Bè zuwa bakin teku, ya zuba masa gajere mai faɗi. Mu masu hawan dutse kuwa dogo siriri, wai iska ta fi shiga da ƙarfi idan injin na tafiya a hankali da nauyi a kansa. Bai taɓa shiga aji ba, da kunne ya koya. Sunansa a bakin direbobi shi ne duk abin da ya mallaka, kuma ni na ɓata shi.

Ina ɗan shekara ashirin da bakwai lokacin, kaina na hayaƙi, ina jan bashe, wato a-kori-kura mai rumfar tamfol, zuwa Kara. Na je na ce ya zuba mini mai faɗin baki, don a ganina babbar ƙofa ta fi shigar da iska. Ya ƙi. Ya ce a shimfiɗaɗɗen titi zan ji daɗi, amma motar za ta mutu mini a hawan dutsen Alejo. Na yi fushi, na tafi tasha ina shelar cewa tsoho ya rikice, siriri kaɗai ya iya saboda hannunsa na rawa. Direbobi kuwa ba su da aiki sai ɗaukar magana. Kafin wata biyu duk sun koma wurin wani mai zubi a Adakpame, wanda ke ba kowa abin da bakinsa ya faɗa.

Ni ma can aka zuba mini mai faɗin bakin. Har Sokode motata na tashi sama, ina ta yabon kaina. Da muka fara hawan Alejo da buhunan gishiri da mutum goma sha huɗu, sai ta fara shaƙewa. Na sauko giya ta ɗaya, ta yi tari ta tsaya. Har tsofaffin mata suka sauka suna sa duwatsu a bayan taya, suna yi mini addu'ar da ba ta alheri ba.

Kunya ta hana ni zuwa wurinsa. Ina cikin jan ƙafa hukuma ta tashe mu duka daga tsohon Zongo, kowa ya kama neman inda zai sa kansa a bayan gari. Sai bayan shekara na same shi a sabuwar unguwa, a ƙarƙashin wata rumfar kwano, tukwane jere a gabansa. Na durƙusa na ba shi haƙuri, na ce na riga na faɗa wa 'yan tasha gaskiya, ya dawo ya ci gaba da zuba mana. Har yau ina jin zafin yadda ya saurare ni ba tare da fushi ba.

"Na yafe maka, Inoussa," in ji shi. "Amma na fasa ma'aunan zubin bututun tun ranar tashi. Tukunya ta fi mini, ba ta zuwa tasha ta yi da ni."