Ranar da na daina satar dara

Karatuna na boko a aji uku ya tsaya, shi ma malamin ne ya gaji da ni. Amma a dara, duk unguwar Barade an san hannuna. Wasu na cewa gwani ne, masu gaskiya na cewa ɓarawo.

Abokin wasana wani Babarbare ne da ya zo Jalingo a shekarun da yaran daji suka ƙone garinsu, ya kama ɗaki a unguwar Yelwa. Ni Bafulatani ne, kun san tsakaninmu da Barebari sai tsiya. Kullum da la'asar zai zo gindin darbejiya yana cewa, "Ina bawan nan nawa?" Ni kuma in ce, "Ga mai zane a fuska ya iso." Da ya waiwaya sai in ɗauke masa ɗa ɗaya daga gurbi, shi kuma ya buge min hannu.

Ɗiyar ƙanena tana jami'a, tana bincike kan ta'addanci. Ta ce, "Baffa, kai ni wurin abokinka. Mu 'yan gida mu ya kamata mu rubuta abin nan, baƙo bai san dawan garin ba." Na kai ta ina hura hanci. Ya tambaye ta lafiyar iyayenta, ya sa mata albarka. Ta tambayi yadda suka fito, ya ce, "Alhamdu lillahi, 'yata." Ta sake, ya sake gode wa Allah. Abin da ta samu ke nan.

Bayan damina sai ga wata Baturiya mai irin wannan binciken da tafintanta, shi ma ba ɗan garin nan ba ne. Matar ko gaisuwa ba ta iya ba. Abokin nan nawa ya zauna da ita tun hantsi har azahar. Daga nesa ina hango bakinsa yana motsi, ni kuwa na kasa zama, na kasa tafiya.

Abin ya tsaya min a wuya. Na bi shi da mita a kasuwa, a masallaci, har wurin mai shayi.

"Shekara da shekaru muna cin ƙwarya ɗaya, sai baƙuwa ce ta isa?"

"Ita mota za ta hau ta tafi da shi," in ji shi. "Kai gobe ma fuskar nan taka zan gani."

"To me fuskata ta yi?"

"Ka bari, Bafillace."

Ban bari ba. Ranar da ya gaji, ya faɗa min yana kallon gurabun dara. Ɗansa da ya ɓace ba sace shi aka yi ba, kamar yadda muke zato. Da ƙafarsa ya bi yaran dajin. Ranar da suka shiga garin, shi ya buga ƙofa ya ce, "Baba, gudu." Har yau bai san ko yana raye ba, bai kuma san wace addu'a zai yi masa ba.

Washegari muka zauna dara. Ya waiwaya, hannuna ya ƙi tashi. Na kira shi Malam. Har na bar shi ya ci ni. Ya dube ni, ya karkaɗe rigarsa ya tafi. Bai dawo ba.

Na rasa inda zan sa kaina. Ɗiyar tawa ta ce ai Baturiyar ma ta zo tana tambayarta me ya sa dattijon yake dariya yana ba da labari irin wannan. Na ce Baturiyar ta samu labari ba ta san mutumin ba, ni na san mutumin ga shi labari ya raba mu.

Da na ga mako na neman zama wata, na kwashi 'ya'yan dara na hau keke napep zuwa Yelwa. Na haƙa gurabu a ƙofar ɗakinsa. Ya fito ya zauna kamar dole. Muna cikin yi, yana kallona ƙuru-ƙuru, na miƙa hannu na ɗauke masa ɗa.

Sai ya kai min duka a bayan hannu, mai zafi kuwa.

"Ajiye, ɓarawon banza! Bawa ba ya canza hali."