Riyal Goma a Wuyan Batula

Shekarar Lauwali Baduku hamsin da tara, talatin da shida daga ciki kuma a rumfa guda ya yi su, a layin dukawa na kasuwar Tambuwal. Babban aikinsa ɗinkin gafaka, jakar fatar nan da ake adana Alƙur'ani, sai kube da layu. Abin da ya fitar da sunansa daga layin dukawa kuwa dabam ne: yana tara tsofaffin takardun kuɗi masu rubutun Larabci.

Sana'ar ce ta jawo masa. Mutanen yankin ba sa yar da takarda mai baƙin Larabci, ko ta mece ce. Sai a soke ta cikin littafi ko aljihun gafaka, a manta. In mai ita ya rasu, magada suka kawo gafakar gyara, Lauwali ya zazzage, sai ga fam ɗin Sudan, ga na Masar, waɗanda alhazan da suka je Makka a ƙasa suka dawo da su. In ya miƙa wa masu kaya, sukan ce, "Riƙe, ai an daina karɓarta." A haka ya tara fiye da ɗari da arba'in, kowacce tsakanin fararen takardu biyu, cikin akwatin ƙarfe.

Sanin darajarsu da hasara ya koye shi. Wani fam na Masar da ya fi so, ya goge shi da dutsen guga, ya kai shagon masu hoto aka manne shi cikin leda da zafi, kamar yadda ake yi wa takardar shaidar makaranta. Da ya kai takardar Kano wurin Mudassir, wani dillalin tsofaffin kuɗi, sai mutumin ya juya ta ya ce, "Malam, ka kashe ta, ka kuma yi mata likkafani." Tun daga ranar nan Lauwali ba ya guga, ba ya wanki, ba ya manne yaga. Kusurwa yake fara dubawa, sannan yawan ninki, sannan ya ɗaga ta a rana ya nemi huji, ya karanta lamba da sa hannu.

Guda ɗaya ce ta gagare shi: takardar riyal ta alhazai, wadda Saudiyya ta fara bugawa a farkon shekarun 1950 don ta raba mahajjata da dakon kuɗin azurfa. Shekara ashirin yana cigiyarta.

Bana, bayan ƙaramar salla, wata dattijuwa mai suna Batula ta sauka daga babur a bakin rumfarsa, tun daga Kebbe. Ta ciro laya daga wuya, fatar ta yi baƙi ta tsattsage. Ta ce mahaifinta, marigayi Alhaji Ɗanmaliki, ya rataya mata ita tana 'yar shekara uku, lokacin da ƙyanda ta kwantar da ita. Sabuwar fata take so. Ta ajiye, ta shiga kasuwa sayayya.

Dukawa suna da ƙa'ida: ba a buɗe takardar laya. A farke tsohuwar fata, a ɗauke abin da ke ciki a naɗe yadda yake, a ɗinke cikin sabuwa. Badukun da aka ce yana leƙa layun mutane ya gama cin abinci a wannan sana'a. Lauwali bai taɓa leƙawa ba. Amma da ya farke wannan, zaren da aka naɗe takardar da shi ya riga ya ruɓe, ya zube kamar toka, ninkin ya saki. Ba rubutun tawada ba ne. Bugun inji ne, ga bishiyar dabino, ga takubba biyu. Riyal goma na alhazai.

Ya zauna da basilla a hannu yana lissafi. In ya naɗe farar takarda ya ɗinke a madadinta, ba mai sani har abada, don ba wanda ke buɗe laya. In ya mayar da ita shiru, za ta koma Kebbe ba tare da mai ita ta san abin da take ɗauke da shi ba. In kuwa ya faɗa, kafin la'asar za a iya cewa Lauwali yana buɗe layu, shekara talatin da shida su tafi a banza. Ya rufe takardar da ƙoƙo, ya jira.

"Baduku, ka gama, ko hira kaka yi da basilla?" in ji Batula da ta dawo.

"Inna, zamna. Akwai magana."

"In ƙarin kuɗɗi na, babu."

"Zaren ciki ya ruɓe, takarda ta buɗe da kanta. Allah shaida, ba ni nib buɗe ta ba. Amma na gani, kuma ba aya ba ta. Kuɗɗin Makka na."

Maƙwabtan rumfa suka dakata da ɗinki. Batula ta ɗage ƙoƙon, ta duba takardar. Can ta ce, "Wato shekara sittin da wani abu nika yawo da kuɗɗi ga wuya, ina cin tuwo ba nama?"

Layin dukawa ya kwashe da dariya, ita ma ta yi har ta share ido da gefen mayafi. Sannan ta ce shekara bakwai mahaifinta ya yi a hanya, ya yi noma a Sudan zuwa da dawowa, ya iso gida ba shi da komai sai sanda da 'yan takardu. "Kuma bai yi min ƙarya ba. Bai taɓa cewa aya ta ba. Cewa yay yi, wagga ta kwana Makka."

Ta tambayi darajarta. Lauwali ya ɗaga ta a rana, ya lissafa mata aibunta: ninki takwas, gumi ya ci tsakiya, kusurwa ɗaya ta tafi. Amma lamba da sa hannu suna karantuwa. Ya ce a ganinsa za ta sayi tunkiya. Ya ƙara da cewa shi kansa yana sonta ƙwarai, don haka kada ta tsaya a kan maganarsa, a aika wa Mudassir hoto ya faɗi nasa.

"Tunkiya nika da ita," in ji ta. "Uba ne ba ni da shi. Maida min abata."

Ya roƙi ta bar shi ya ɗauki hotonta da waya, ta yarda. Ya rage ninkin zuwa biyu, ya sa ta cikin farar takarda, ya yanka jar fata mai faɗi. Batula ta yi ƙorafin cewa layar ta zama kamar jakar makaranta, ta biya, ta hau babur.

Kwana biyu yana jiran abin da zai biyo baya. Labarin ya bazu, amma yadda Batula ta ba da shi: badukun da ya ga kuɗi ba kowa a wurin, ya jira mai su. Kafin wata ya fita, gafaka goma sha ɗaya suka zo daga Kebbe da Dogon Daji, aikin da a da sai ya yi wata uku bai samu ba. Sai kuma ƙanen Batula, Bube, ya aiko cewa adakar mahaifinsu, wato akwatin ajiyarsa, tana nan, ba a taɓa kwashe takardun ciki ba.

Ranar Larabar da ta wuce Lauwali ya rufe rumfa, ya hau babur zuwa Kebbe. A zauren gidan Ɗanmaliki aka shimfiɗa masa tabarma, aka buɗe adakar. Babu riyal ɗin alhazai, amma akwai takardun fam na Sudan guda biyar. Ya duba su ɗaya bayan ɗaya, ya faɗi darajar kowanne a gaban 'yan gida. Bube ya sayar masa da biyu. Sauran ukun ya jera musu tsakanin fararen takardun da ya zo da su, ya rubuta sunan Alhaji Ɗanmaliki a kai da ajami, ya gargaɗe su kada kowa ya kusance su da dutsen guga.