Maganar Ƙarshe ta Inna Mai Guga

A maɗaba'ar da ke bayan tashar mota ba a san shi da wani suna ba sai Mai Gam. Ba shi kaɗai ke taɓa gam ba, amma shi ne duk abin da ya taɓa sai ya bar masa shaida: kofin shayinsa, hannun ƙofa, har kafaɗar wanda ya dafa wurin gaisuwa. Ya shiga aikin ɗinkin littafi da gashi baƙi ƙirin, yanzu furfura ta ci rabin kansa, yana nan dai a bakin teburi ɗaya, kusa da tagar da ba ta rufuwa.

Aikinsa na bayan inji ne. Inji ya zubo manyan takardu, a naɗe su kashi-kashi, shi kuma ya jera, ya ɗinke, ya shafa gam, ya sa bango. Kafin ya soka allura akwai abin da ba ya tsallakewa. Yakan karanta layin ƙarshe na wannan kashi, ya ɗaga ya karanta layin farko na mai bi masa. In magana ta haɗu, jeri ya yi daidai. Haka ubangidansa na farko ya koya masa, zamanin da tsohon inji ke cinye lambar shafi, kuma har yau bai bari ba.

Abin da ya fi ciyar da maɗaba'ar littattafan wani marubuci ne da ake yi wa jan bango. Ba a gama ɗinke su masu sari sun cika ƙofa. Mai Gam ya raina su raini mai tsanani. Duk inda ka buɗe, ko wani na kuka, ko gaban wata ya faɗi, ko an shigo da mota mai tsada.

"Ni fa ban taɓa karanta ko ɗaya ba," yakan ce, yana ɗaga haɓa.

Gaskiya ya faɗa, sai dai gaskiya ce da ba ta tsinana masa komai ba. Kai da ƙafar shafi kawai yake karantawa, amma ya karanta su sau dubbai, shekara da shekaru, ido na kai da komo hannu na aiki.

Shi ma yana da nasa littafin. A kan ragowar takardun da wuƙar inji ke yankewa yake rubuta shi, lokacin hutun rana, sa'ad da sauran ma'aikata suka fita neman abinci. Labarin mahaifiyarsa ne, wadda suke kira Inna, mai wanki da guga, wadda ta riƙe shi da yayarsa da dutsen guga na gawayi bayan mahaifinsu ya rasu. Ba neman suna yake yi ba, ko kuma haka yake gaya wa kansa. So yake kada matar nan ta shuɗe kamar ba a yi ta ba. Da ya kai ƙarshe ya ɗinke kwafi biyu da hannunsa, ya kai wa Yaya ɗaya, ya riƙe ɗaya yana ta gyara.

Wata safiya yana jera sabon jan bango, idonsa ya sauka a ƙasan shafi: "Wasu zafafan hawaye suka zubo mata, ta kama hannunsa cikin rawar murya ta ce". Bai ɗaga takardar ba, bakinsa ya ƙarasa da kansa: "Ɗana, ka riƙe amana." Ya ɗaga. Ba kalma da kalma ba ne, amma ɗan bambancin ba zai ceci kowa ba. Ya san inda ya ga maganar. Tana shafin ƙarshe na littafinsa, a bakin Inna.

Ranar bai iya cin abinci ba. Ya jawo kwafinsa daga aljihun tebur ya yi masa abin da yake yi wa na mutane, kai da ƙafa, kai da ƙafa. Nan gaban Inna ya yanke ya faɗi. Can ta sauke ajiyar zuciya. Gaba kaɗan ta yi murmushi mai ciwo. Ya je inda ya fara siffanta ta, ya tarar da doguwar mace mai dara-daran idanu da tattausar murya. Kunya ta kama shi har cikin ƙashi. Inna gajeruwa ce, hayaƙin gawayi ya sa idonta ɗaya kullum a kanne, tsintsiyar hannunta duk tabon ƙuna. Muryarta kuwa daga bakin titi ake jin ta tana faɗa da wanda ya kawo wando da biro a aljihu. Takan lashi yatsa ta ɗan taɓa ƙasan dutsen guga, in ya ce cas ta ce, "Yauwa, ka farka." Ko ɗaya daga cikin waɗannan babu a littafin.

A gida ya gaya wa matarsa. Tana ninke kayan yara a kan gado, ba ta ko juyo ba.

"To mene ne abin damuwa, Baban yara? In ya yi kama da wanda ake rububi, ai sai ka sa masa jan bango mu ma mu huta."

"Ba ki gane ba. Wannan ba Inna ba ce."

"Yaya ai ta ce ita ce. Ka manta kukan da ta yi ranar da ta gama karantawa? Ta ce ya fi na kasuwa daɗi."

Ya tuna, kuma ya tuna yadda kansa ya kumbura ranar. Yanzu yabon nan ya fi zagi ciwo.

Ya shiga gyara da jan biro. Ya soke hawaye, ya soke faɗuwar gaba, ya rage wa Inna tsawo, ya mayar mata da tabonta da faɗanta. Wani lokaci ya soke jimla ya rubuta sabuwa, washegari ya gan ta a ƙasan shafin wani a wurin aiki. Har ya kai ga tsoron alƙalaminsa. Duk maganar da ta zo masa da sauƙi sai ya tsaya yana harararta, yana tambayar ta daga gidan wa ta fito. Duk da haka aiki ya ci gaba a hankali, har ya iso shafin ƙarshe ya tsaya cik.

Ba ya nan Inna ta cika. Yana wurin aiki aka aiko, kafin ya iso an rufe ta da zane. Yaya ce ke tare da ita. A bakin ƙofar ɗakin, yana tsaye da gam a hannu, Yaya ta gaya masa abin da Inna ta faɗa na ƙarshe. Ya tuna magana ce a kan wata riga, rigar wani mai kawo guga. Ya tuna har dariya ta so kufce masa a tsakiyar kuka, don maganar Inna ce sak. Amma me ta ce a kan rigar? A cire ta daga igiya ne, ko kada a ba mai ita sai ya zo da kansa, ko wuyanta ne bai kwanta ba? Lokacin da yake rubutu ya ga maganar ta yi ƙanƙanta da mutuwa, ya ture ta gefe ya sa amana da hawaye. Yanzu ya dawo nemanta ya tarar babu.

Ranar hutu ya tafi gidan Yaya. Ya same ta a tsakar gida tana jin rana, ƙafafunta da ke kumbura a miƙe kan ƙaramar kujera. Bayan gaisuwa ya zauna kusa da ita.

"Yaya, tambaya na zo yi. Ranar da Inna ta rasu, me ta ce miki na ƙarshe?"

Yaya ta lumshe ido. "Allah sarki Inna. Ta kama hannuna, hawaye na zuba, ta ce in gaya maka ka riƙe amana. Ta ce duniya ba wurin zama ba ce."

"Yaya, wannan ai ni na rubuta shi."

"Ka rubuta mana. Yadda aka yi ka rubuta."

"A'a, ƙirƙira na yi. Ke da bakinki kika gaya mini wata magana daban a bakin ƙofa. Maganar riga."

Ta buɗe ido ta dube shi, ranta ya ɗan ɓaci. "Kai kana wurin ne? Ni ke riƙe da hannunta. Ko yara na sha gaya musu, tambaye su ka ji."

"Don Allah ki daure ki tuna. Rigar wani mutum. Har na kusa yin dariya, kika harare ni."

Ya ga da gaske take nema, goshinta ya tattare, leɓenta na motsi. Ya zuba mata ido. Can ta girgiza kai a hankali.

"Wace riga?" ta ce.

Ba wanda ya saura da zai tambaya. Su biyu Inna ta bari, kuma Yaya kaɗai ke ɗakin.

Yaya ta ga yadda fuskarsa ta canza, ta ɗauka kewa ce ta taso masa. Ta sa hannu ƙarƙashin matashin da take jingine da shi ta zaro kwafinta. Bangon ya yi laushi don yawan taɓawa, shafin ƙarshe har ya fara rabuwa da zare.

"Idona ya yi rauni yanzu," ta ce. "Karanta mini wurin, ƙanena. In na ji shi sai in ji kamar tana kusa."

Ya karɓa. Ya dubi ƙafafunta da suka kumbura, ya dubi yadda ta riga ta gyara zama ta rufe ido tana jira. Ya so ya ce mata wannan matar ba uwarsu ba ce, bakinsa ya kasa. Ya buɗe shafin ya fara karantawa, Yaya tana bin sa a hankali, tana riga shi ƙarasa kowace jimla.