Kawu Habu da Wayarsa Mai Roba

Duk wanda ya san Kawu Habu ya san wayar nan tasa mai fasasshen gilashi, wadda ya ɗaure da roba don kada batir ya faɗo. Mutumin da ke gina wa mutanen Garwa shafukan intanet, amma wayarsa ko kyauta ba mai karɓa! Ni ban cika magana ba, sai dai in kai masa shayi in tsaya kallo.

Shi ya gina shafin da Baba ke sayar da raguna. Da yake Kawu jikan dillalan shanu ne, yadda ake zaɓen sa haka yake zaɓen firemwok, wato ginshiƙan da ake ɗora ginin shafi a kai. In an kawo masa sabo, tambayarsa ɗaya ce: "Ya yi haƙori?"

Da yayana Nasiru ya dawo hutu daga jami'a, ya shigo da zumuɗi.

"Kawu, naka ya tsufa! Ga wanda ake yayi."

"Yaushe aka haife shi?"

"Bara."

"Ɗan maraƙi ke nan. Su wa ke kiwonsa?"

"Wasu samari ne biyu."

"In sun yi aure fa?"

Yaya bai daddara ba, ya gina nasa shafin ragunan, hotuna na juyi, ƙahoni na ƙyalli. Kawu ya ce ba a sayen sa sai an ga tafiyarsa. Ya bari sai da muka je bikin suna a garin Mindif, ya tsaya gindin dutse inda rezo, wato sabis ɗin waya, ke wasan ɓuya, ya buɗe duka biyun a wayar roba. Nasa ya fito nan take, fari fat, ba ado. Na Yaya kuwa wani ɗan zobe ke ta juyawa. Aka raɗa suna, aka ci nama, zobe na nan yana juyawa.

"Ƙyale shi," in ji Kawu. "Tuwo yake tuƙawa."

Yakan ce, "Ka gina abin da wani zai iya kiwo in ba ka nan." Mama, wadda take yayarsa, sai ta ce, "Habu, bar mugun fata!"

Ana shirin Sallar Layya Kawu ya rasu. Ba a jima ba shafin ya daina karɓar oda, ga garke cike da raguna, masu saye daga Duwala kuma ta nan suke zaɓa. Na lura Baba ya daina gama tuwonsa. Yaya ya ce sai an sake gini daga tushe, kuma ba zai ƙare kafin Sallah ba.

Mama ta sa aka kira wata Madam Fadimatu daga unguwar Domayo, mai irin sana'ar Kawu. Tana buɗe kwamfutarsa ta tuntsire da dariya.

"Laa, wannan tsohon firemwok! Ai da shi duk muka koya. Ko ɗalibata ta san hanyarsa."

Shayin da na kai mata bai huce ba ta gyara. Yaya da kansa ya ɗauko wayar roba ya gwada. Shafin ya buɗe, oda ta shiga. Baba ya yi hamdala, ya ce a ƙaro masa miya.

Ashe ba rowa ba ce, Kawu, mu kake tunani. Allah Ya jiƙan ka, Ya yalwata kabarinka, Ya buɗe maka ƙofar Aljanna ba jira.