Wankan Lubabatu

A unguwarsu a Illela, in mace ta rasu, kafin a aika wa masu haƙa kabari an riga an aika wa Hadijatu. Ita ce mai wankan gawa. Ba da shi take ci ba, da busasshen kifi ta yi rainon 'ya'yanta. 'Yar Kalmalo ce, aure ya kawo ta gari, ta yi shekara da shekaru tana ɗora kwando a ka ta tsallaka Konni ta dawo. Wankan kuwa wurin uwar mijinta ta koya, tun tana riƙe mata buta. Masifaffiya ce ta gaske, a kan ƙwaryar aro sai ta tara maka unguwa, amma duk da haka mata ita suke so ta wanke nasu, don hannunta na da sanyi ga mamaci.

Ba ita kaɗai take shiga ba. Aminiyarta Lubabatu, wadda katanga kawai ta raba gidajensu, ita ke zuba ruwa, su kama tare su juya gawa. Su yi cacar baki da safe, da rana ka gan su tabarma ɗaya suna ɗinkin likkafani.

Kwando da sunkuyo su suka cinye bayan Hadijatu. Tun tana dafa ƙugu in za ta miƙe, har ta kai ba ta isa bakin titi sai ta huta a dakalin mutane. Ƙafar hagu ta fara mutuwa, takalmi ya zame ba ta sani ba. An yi ƙaho, an sha jiƙe-jiƙe, an shafa man zafi, shiru. Ɗanta Nu'man, mai shagon kayan babur, ya kai ta asibiti Sakkwato. Likita ya duba hoto ya ce ƙasusuwan ƙasan bayan sun zaizaye, ɗaya ya zame ya danne jijiya. Sai an buɗe an sassauta wa jijiyar, a ɗaure ƙasusuwan da ƙarfe da kusoshi har su haɗe su zama ɗaya. Ya ce a shekarunta aikin ba wasa ba ne, amma in aka bari tana iya daina tafiya.

Hadijatu ta ce sai ta yi shawara. Shawarar nan ta ci damina, ta ci kaka. Nu'man ya ɗauka tsoron wuƙa take yi, bai san saboda Lubabatu ne ba.

Wani ƙullutu ne ya fito wa Lubabatu a nono, ya girma, ya fashe ya zama gyambo. Ta rufe shi da tsumma da turare ta hana kowa sani, har 'yarta Jamilatu da ke aure a Konni. Hadijatu kaɗai ta gani, ita ke wanke mata. Ta yi faɗa, ta yi lallashi a tafi asibiti, Lubabatu ta ce ba namijin da zai buɗe mata ƙirji ya yanka. Wata rana ta kama hannunta ta ce, "Dije, ki rantse mini. Ke za ki yi mini wanka, ke kaɗai. Kada wata ta ga wanga abu, a riƙa labarina wurin biki." Hadijatu ta rantse. To ina za ta je a kwantar da ita, alhali matar nan kullum ƙara zubewa take yi?

Ranar da ƙafar ta ƙi ɗaukarta ta faɗi a bakin rijiya, Nu'man bai ƙara neman ra'ayinta ba, mota ya kawo. Lubabatu ta leƙo daga ƙofa tana dafe da bango ta ce, "Tahi, uwar taurin kai. Ba inda za ni sai kin dawo."

Aiki ya yi kyau, Allah ya taimaka. Ta dawo gida da wata faffaɗar ɗamara mai tauri tun daga haƙarƙari har ƙugu, da sandar ƙarfe mai ƙafa huɗu, da dokokin likita: kada ta sunkuya, kada ta murɗa jiki, kada ta ɗaga ko buta cike, sai ƙashi ya kama. In ta ƙi ji, kusoshin na iya sakin tsohon ƙashi a koma ɗakin tiyata. Salla ma a kujera take yi, abin da ya fi komai ƙona mata rai.

Lubabatu ta jira ta kamar yadda ta ce. Ba a daɗe ba wata safiya Hadijatu ta ji kuka ta bayan katanga.

Nu'man ya tare ƙofa. "Inna, don Allah. Akwai matan da za su yi."

"Kauce mini."

Ya kauce. Ta ja sandarta ta shiga, ta tarar da aminiyarta a kan tabarma a ƙasa, lulluɓe da zane, ga Jamilatu ta iso daga Konni tana kuka a gefe. Ƙasar nan da ta saba durƙusawa a kai, ranar ta yi mata nisa. Ta sa aka cire ƙyauren ɗaki aka ɗora a kan gangunan ruwa biyu, mata suka ɗaga gawar a lulluɓe suka kwantar, sannan ta kore su duka ta saki labule.

A tsaye ƙiƙam ta fara, da 'yar moɗa, ruwan magarya kaɗan-kaɗan. Ta yi mata alwala, ta wanke kai, ta wanke gyambon a hankali kamar har yanzu yana mata zafi. Saura juyi, don dole ruwa ya taɓa baya. Ta sa hannu ƙarƙashin kafaɗa ta ja. Wani zafi ya soke ta daga ƙugu har tafin ƙafa, ta saki. Ta ƙara gwadawa, idonta ya yi duhu, da ƙyar ta kama sandar. Lubabatu da ta rame ta koma kamar tsinke, yau ta fi ƙarfinta. Daga zaure aka aiko cewa rana na yi, maza na jira da makara.

Ta tsaya tana kuka, tana ba gawar haƙuri. Sannan ta ɗaga murya ta kira Jamilatu, a ranta tana cewa gara jinin Lubabatu da bare.

Jamilatu ta shigo, idonta ya sauka a ƙirjin uwarta, ta dafe baki.

"Inna Dije, mi ne wanga?"

Hadijatu ta ja gefen zanen ta rufe gyambon.

"Kin sani?"

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun bara."

Jamilatu ta dubi ɗamarar da ke ƙugun tsohuwar, ta daɗe tana dubanta. Ba ta ɗaga murya ba. "Motar da ta kai ki Sakkwato aka gyara ki, ba wurin mutum guda a cikinta?"

Hadijatu, wadda ba a taɓa faɗa mata ɗaya ta kasa mayar da goma ba, ta mayar da idonta kan gawar. Ta karya rantsuwa, kuma ga abin da riƙon rantsuwar ya jawo kwance a gabanta. Da ƙyar ta ce, "Kama kafaɗarta. A hankali."

Jamilatu ta juya uwarta, ta karɓe moɗar daga hannun Hadijatu, ta ce, "Ki tahi ki zauna, Inna, kada bayanki ya taɓu. Ni zan ƙarasa."