Ƙarfi a Ƙugu Yake

Jiya a filin makaranta 'yata Hanifa ta maka wa ƙwallon sofbol sanda har ta tsallake shinge. Ta ɗaga kai sama ta ce, "Na Kaka ne." Ni da na kawo ta, ko kallo ban samu ba.

Shekarun baya mahaifiyata Inna ta zo mana ziyara garin Wakra a ƙasar Larabawa, korona ta rufe hanya. Wata uku ina nuna wa yarinyar bidiyon ƙwararru, tana ta dukan iska. Rannan tsohuwa na zaune a tsakar gida, tana ƙanshin man zafi, ta ce, "Zo nan, ƙawata. Wa ya ce miki da hannu ake duka? Tambayi mu da muka yi bugun dawa. Ƙarfi a ƙugu yake." Ta kama ƙugun yarinyar ta juya shi a hankali. Bugun farko ya fasa mana tukunyar fulawa, Inna ta rangaɗa guɗa.

Ni kuwa da ranƙwashi ta koya mini riƙon taɓarya, ban taɓa jin "madalla" a bakinta ba. Ina ta shirin tambayarta dalili, ta rasu ana gab da fara gasar kofin duniya.

Allah Ya jiƙan Inna, Ya lallaɓa ta yadda ta lallaɓa jikarta, ba yadda ta yi mini ba.